Ranar da Marigayi Auwalu Ya Fito a Talabijin ɗin Babana

Zuwa ga Alhajin da ke shigo da ƙananan adaftocin nan farare, masu kai intanet ta cikin wayar wutar gida.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali, da kasuwa, da duk waɗanda ke ci a ƙarƙashinka. Allah ya ƙara buɗi na halal, amin.

Ranka ya daɗe, ban san sunanka ba. Na juya kwalin kayanka ta kowane ɓangare, babu suna, babu lambar waya, sai hoton gida da wata kibiya. Mai shagon da ya sayar mini a Makarfi ya ce shi ma a hannun wani yake sara, wancan kuma a hannun wani Alhaji mai sito a birni. Shi ya sa na rubuta a fili, ko Allah zai sa wani ya karanta maka. Sunana Habibu, ina zaune a bakin garin Makarfi ta hanyar Gubuchi. Da damina noma nake yi, da rani dafa mazarƙwaila. Karatuna bai wuce firamare ba, sai ka yi haƙuri da rubutun. Sauran sunayen da za ka gani na canza su, don akwai mace a cikin maganar, kuma an riga an gan ta fiye da yadda ya kamata.

Ba kuɗina na zo nema ba. Kayanka ya yi aiki, aikin da ya yi ne ma ya kawo ni. Akwai matar da mijinta ya rasu ya bar ta da ciki, abin da ya rage mata nasa 'yan bidiyoyi ne a wayarta, waɗanda ba a ɗauka don idon kowa ba. Adaftarka ta kwaso su ta haura katanga da su. Bari in bi maka daki-daki.

Na ɗaya, yadda kayanka ya shigo gidanmu.

Babana ya samu shanyewar ɓarin jiki, ba ya iya zuwa ko masallacin ƙofar gida. Bai taɓa zuwa Makka ba, kuma ya san yanzu da wuya. Da muka gama aikin rani, ni da abokina Auwalu muka sayi talabijin iri ɗaya, irin mai shiga intanet, shi don amaryarsa, ni don Baba ya riƙa kallon ɗawafi kai tsaye. Matsalar ita ce waifai ɗinmu, ɗan akwatin da ke kamo intanet, ba ya samun sabis sai a zaure, a rataye jikin ƙusa. Ɗakin Baba kuwa yana can ƙuryar gida, bangon ƙasa uku ne a tsakani. Sai mai shago ya ɗauko mini kwalinka. Ya ce in soka ɗaya a soket kusa da waifai, ɗayar kusa da talabijin, kowacce da 'yar igiyarta, intanet za ta bi wayar wuta ta isa. Na nuna masa takardar da ke cikin kwalin, ya ce, "Turanci ne kawai suka zuba, kai dai soka." Na soka. Ya yi. Ran nan Baba ya ga Ka'aba, mutane na zagayawa a daidai lokacin da yake kallo, hawaye na bin ɓangaren fuskarsa mai rai.

Auwalu maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya. Tare muka tashi, tukunya ɗaya muke juyawa a wajen mazarƙwaila. Da ya shigo ya gani sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai Habibu, ashe injiniya muke da shi muna sa shi hura wuta." Ranar kasuwa ya je ya sayo irinta a shago ɗaya. Bai kai ga soka ta ba. Ya bi motar rake zuwa Kano, motar ta kife a hanya. Ina cikin waɗanda suka ɗauko shi. Wayarsa ta farfashe ba ta ko kunnuwa, ni na miƙa ta a hannun mahaifinsa, Malam Isiyaku.

Na biyu, abin da waɗanda suka ƙera kayan nan ba su sani ba game da mu.

Ina jin a ƙasarsu kowane gida da layin wutarsa. A nan ba haka ba ne. Mita ɗaya ce a zaurenmu. Daga ita waya ta haura katanga ta cikin rassan zogale ta shiga gidan su Auwalu, daga can ta wuce gida na uku. Haka unguwa take, mai mita ya ba maƙwabci, maƙwabci ya ba na bayansa. Ba wanda ya taɓa ganin aibu a ciki. Mu a wajenmu wuta ce kawai ke bin wayar. Ba wanda ya gaya mana ranar da muka soka kayanka, sirrin ɗaki ma zai fara bi.

Na uku, ranar da abin ya faru.

Bayan sadakar arba'in ne da 'yan kwanaki. Dattawan unguwa kan shigo gaida Baba bayan la'asar, su zauna a tabarma su kalli ɗawafi tare da shi. Ran nan su uku ne, har da Malam Isiyaku, kuma shi ne zuwansa na farko tun rasuwar. Ina zuba musu ruwa sai wani rubutun Turanci ya fito a talabijin da wurin dannawa biyu a ƙasa. Na danna wanda na saba dannawa don ya kauce, na ajiye rimot a gefen Baba.

Ka'aba ta ɓace. Hoton ya tsuke ya miƙe tsaye, gefe da gefe baƙi. Sai ga Auwalu zaune a bakin gado da singileti, yana ɓare rake da haƙori. Ya ɗago ya kalle mu. Wallahi mu ya kalla. Ya ce, "Ke, ki ajiye wayar nan mana. So kike ɗana ya fito ya ga ubansa da baki dumu-dumu?" Muryar mace ta yi dariya daga baya. Sai ya miƙo hannu ya fizge wayar ya juya ta, sai ga matarsa, kai ba ɗankwali, kitso rabi a tsefe, zani ɗaurin ƙirji, tana kare fuska da hannu tana cewa ya bari. Ya kira ta da wani suna da shi kaɗai yake kiranta da shi. Ba zan rubuta shi ba. Ya isa haka cewa mutum biyar mun ji shi.

Alhaji, in kai Bahaushe ne ka san abin da ke tsakanin mutum da matar ɗansa. Wannan yarinya ba ta faɗin sunan Malam Isiyaku. Daga nesa take durƙusawa ta gaishe shi, lulluɓe har ƙasa. Tun da aka kawo ta bai taɓa ganin fuskarta sosai ba. Ga ɗansa da ya binne da hannunsa yana magana, ga surukarsa a yadda bai halatta ya gan ta ba, duka a allo ɗaya. Ya ɗaga hannun rigarsa ya rufe fuska, yana salati, ya fita ko takalmi bai tsaya sawa ba. Ni kuma ina ta laluben rimot, ashe ya zame ƙarƙashin ɓarin Baba da ba ya motsi. Baba na ta ƙoƙarin faɗin wani abu, bakin ya ƙi. Sai da ɗaya daga cikin dattawan ya daka mini tsawa na tuna akwai soket, na zare.

Na huɗu, abin da gari ya ce.

Kafin magariba magana ta rabu biyu. Wasu suka ce aljanu ne, ko kuma mamacin ne bai kwanta ba. Aka kira wani malami ya yi hayaƙi a ɗakin, ya yayyafa wa talabijin rubutu. Wannan bai dame ni ba. Maganar ta biyu ce ta dame ni: wai ni na ɗauko wayar Auwalu a wajen hatsari, na kwashe abin da ke ciki, ina ɓoye ina kallon matar abokina, ranar ce asirina ya tonu. Na je shan shayi da safe wani ya ce, "Injiniya, yau wane fim za a sa mana?" Aka yi dariya. 'Yan'uwan matar maza suka zo daga Kudan suka tsaya a ƙofar gidanmu, suka karɓi wayata suka bincika kaf. Ba su ga komai ba, amma suka tafi ba su ba ni hannu ba.

Ita kuwa ba a gaya mata ba. Matan gidan suka haɗa baki saboda cikin da ke jikinta, ga takaba ba ta fita. Gari duka ya sani, sai ita kaɗai.

Na biyar, abin da na lura da shi, da laifina.

Ban yi gardama da kowa ba. Na bari sai Baba ya yi barcin yamma, na tura ƙofa, na mayar da soket na zauna. Bidiyon ya sake zuwa. Na fara lura. Ba ya zuwa sai in an kawo wuta. Ranar da muka kunna ƙaramin janareta, wanda gidanmu kaɗai yake ba wa, bai zo ba. Kullum tsakanin la'asar da magariba ne, lokacin da mata suka gama aikin tsakar gida. A can saman hoton akwai 'yar alamar batir, kuma tana raguwa. Akwai agogo ƙarami, yana nuna lokacin da muke ciki, ba lokacin da aka ɗauki bidiyon ba. Sannan bidiyon yakan tsaya, ya koma baya, ya dawo daidai inda Auwalu ya ce "ɗana". Ya sake komawa. Ya sake. Na ce a raina wannan ba aljani ba ne, yatsan mutum ne. Rana ta uku kira ya shigo ya rufe fuskar Auwalu, aka rubuta "Mama Kudan". A nan na gane. Na fita tsakar gida na tsaya ina kallon wayar nan da ta haura katanga. Matar Auwalu tana can bayan bangon, taku kaɗan daga inda nake, ita kaɗai a ɗaki da mijinta, ba ta san ɗakin ba shi da ƙofa ba.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba sai mahaifiyata. Na gane a rana ta uku, amma ban zare kayanka ba sai bayan mako guda. Kullum in ce yau zan cire, la'asar ta yi in sami kaina zaune. In ita ta fito nakan juya fuska bango, Allah shaida ne, amma ban toshe kunne ba. Akwai wani bidiyon da ya ɗauka a wajen aiki, yana juya mazarƙwaila yana tsokanata wai na fi tukunya baƙi, ga ni can baya ina jifansa da ɓawon rake. Shi nake jira. Ita na kallon mijinta, ni ina leƙen abokina ta bayan kafaɗarta ba da izininta ba. Wannan ba laifinka ba ne, Alhaji, nawa ne, kuma ina roƙon Allah gafara a kai. Na faɗa ne don ka san ba mai hannu tsarkakakke ne ke ƙararka ba. Har yanzu in la'asar ta yi ina wucewa ta ƙofar ɗakin Baba, sai in ji kamar ana ɓare rake a ciki.

Daga baya na kwashi adaftocin da takardarsu na kai wa Malam Sale mai gyaran rediyo a cikin gari. Ya sa tabarau ya daɗe yana karantawa. Ya ce duk kayan nan da makulli ɗaya suke fitowa daga kamfani, duk inda suka haɗu a waya ɗaya sai su ɗauka gida ɗaya suke. Akwai wani ɗan madanni a gefe, in ka danna na wannan ka danna na wancan, sai su yi wa kansu makulli nasu daban, na maƙwabci ba zai shigo ba. Aikin da bai kai shan ruwa ba. An rubuta, in ji shi, a shafin ƙarshe, da rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero. Da na bincika, ashe yayan Auwalu ne ya soka wa matar nasu don ta rage kaɗaicin takaba. Talabijin ɗinmu iri ɗaya ne, suna ɗaya suke nunawa a waya. Ta danna don ta ga mijinta a babban allo, nata bai nuna ba, ta ɗauka ya lalace, ta ci gaba da kallo a tafin hannunta.

Na shida, ranar da aka gaya mata.

Da ni kaɗai ne, da na zare na yi shiru, a ci gaba da kirana abin da aka ga dama. Amma sai na ji mai gida na uku ma ya sayo kayanka, kuma a zaurensa samari ke taruwa kallon ƙwallo. Dole a gaya mata. Na zaunar da Innata na yi mata bayani har ta fahimta, ta yafa mayafi ta shiga.

Inna ta ce matar Auwalu ta saurara har ƙarshe ba ta katse ta ba. Sannan ta yi tambaya ɗaya: "Inna, Baba ma ya gani?" Surukinta take nufi. Inna ta sunkuyar da kai. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta jawo wayar ta fara gogewa ɗaya bayan ɗaya. Inna ta riƙe wuyan hannunta ta ce, "Haba 'yar nan, ki bar wa abin da ke cikinki ko guda ɗaya." Ta ce, "Ai ba nawa ba ne yanzu, Inna. Na gari ne." Ta goge duka, ta bi har inda waya ke ajiye abin da aka goge ta share. Daga baya 'yan'uwanta sun kai wayar Zariya wajen masu gyara, ba a samo komai ba. Tasa wayar kuwa na gaya maka yadda ta zama.

Ta haihu lafiya, mace. Bayan wankan jego aka mayar da ita gidansu a Kudan. Sunana ya wanku, mutane na ta cewa ashe, ashe. Mai tsokanar nan na wajen shayi har ya saya mini burodi. Ban ji daɗin komai ba. Duniya babu sauran inda muryar Auwalu take.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

Ka sa a buga takarda da Hausa, da manyan baƙaƙe da hoton yatsa a kan madannin nan, a manna ta a saman kwali, ba a ciki ba.

Ka umarci duk mai sarar kayanka ya tambayi mai saye ko waya ɗaya suke sha da maƙwabta, kuma ya danna masa madannin a shago kafin ya tafi. Ban ga laifin mai shagonmu sosai ba, shi ma da na yi masa bayani baki ya buɗe. Amma an sayar da kayan nan a Makarfi da Ikara da Kudan har su Paki, kuma unguwanninmu duk haka wayarsu take. Ban san sirrin wa ke haura katanga a yammacin yau ba.

Ka gaya wa masu ƙerawa su daina turo su da makulli ɗaya. Kai za su saurara, ni ba su san da ni ba.

Ka sa sunanka a kwalin. Mutum ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Na ƙarshe shi ne ya sa na zauna rubutun nan. Malam Isiyaku ya daɗe bai tako gidanmu ba. Makon jiya ya dawo. Na riga na danna madannin, ɗawafi ne kawai ke fitowa yanzu. Ya zauna ya gaida Baba, ya daɗe yana kallon allon, amma na lura ba masu ɗawafi yake kallo ba, gefen hoton yake ta dubawa. Da sauran suka fita na raka shi zaure. Ya tsaya yana gyara hula, bai kalle ni ba, ya ce a hankali, "Habibu, wannan abin, ba ya sake zuwa ne? Ba sai da ita ba. Inda yake shi kaɗai ɗin nan, yana shan rake." Ba wanda ya gaya masa ta goge. Na ce masa zan tambayi masu kayan.

To ga shi na tambaya. Bidiyon nan ya ratsa ta cikin adaftocinka sau da yawa. Malam Sale ya ce ba sa riƙe komai, wucewa kawai abu yake yi. Na yarda da shi, amma shi mai gyara ne, kai ne ka san waɗanda suka ƙera. Don Allah ka tambaye su ko akwai wani abu da ke maƙalewa a ciki, ko da muryar ce babu hoto, ko da kalma biyu ce. In akwai, ba ni za a ba wa ba, ita za a kai wa, ita za ta ce a nuna ko kada a nuna. In kuma babu, ka sa a rubuto a fili cewa babu, in samu abin da zan riƙe a hannu ranar da zan gaya wa tsohon nan. Yana zuwa kullum yanzu, tun kafin a idar da la'asar yake aiko a tambaya ko an kawo wuta.

Allah ya tsare maka dukiyarka, ya rufa maka asiri da kai da iyalinka, ya sa kada idon da bai dace ba ya taɓa faɗawa cikin ɗakinka. Allah ya jiƙan Auwalu, ya raya abin da ya bari, ya jiƙan namu da naka.

Wassalam.

Naka,
Habibu mai mazarƙwaila,
Makarfi.